Na Hana Baba Zuwa Naraguta Saboda Fenti

Edita, bayan sallama gare ka da masu bibiyar wannan shafi, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin mutanen da ke cikin labarin sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma za su gane kansu ko ban faɗa ba. A ƙarshen shekarun saba'in ni matashin tela ne a Jos, ina da shago a Laranto, ga sabon aure, ga ciniki yana tafiya daidai gwargwado. Mu biyu ne a ɗakinmu, yayana direban tasi, sai ni auta. Halina a lokacin shi ne ba na sakin aiki sai ya fita tsaf. Idan aljihun kaftani ya karkace da ɗan abin da ido ba zai gani ba, sai in warware shi in sake, mai riga yana tsaye yana rantsuwa shi ya gamsu. Mutane suna yabona a kan haka, ni kuma kaina yana ƙara girma. Ban taɓa zaton akwai ranar da wannan hali zai ci ni ba.

Bayan ɗinki, abin da ya fi shiga raina shi ne tsofaffin motoci. A wancan zamani Turawan haƙar kuza suna ta tattara komatsansu suna komawa gida, suna barin motocinsu a bayan gidaje, ciyawa tana fitowa ta cikin bodi, kaji suna ƙwai a kan kujera. Tun da aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, mota mai sitiyari a dama ta zama abar gudu, ba mai waiwayarta sai irinmu. Muna da wata 'yar ƙungiya da ko suna ba ta da shi, muna haɗuwa a wani fili bayan garejin wani mai fenti a unguwar Congo-Russia, ranar Asabar da yamma, da ranar Lahadi idan abokanmu Kirista sun taso daga coci. Akwai malamin makaranta, akwai akawu, akwai mai gyaran rediyo, kowa da gawar motarsa a ɗore kan duwatsu. Ba sana'a muke yi ba, ba kuma sayarwa za mu yi ba, so ne kawai. Muna da wata al'ada da kowa ya riƙe hannu bibbiyu: mota ba ta taka kwalta sai an gama ta ƙarƙaf. Bayan walda da fotin cike lotsawa ana shafa mata wani jan fenti na ƙasa mai hana tsatsa, kafin a fesa na ainihi. Duk wanda ya kuskura ya fita da mota cikin wannan ja, to ya shiga uku da tsiya, har a daina kiran sunansa a koma ce masa mai kwandon tumatir. Wanda ya daure ya kammala kuwa, ana yi masa ranar fita, a jeru a bayansa ana danna ham har tsakiyar gari. Wannan rana nake mafarki.

Son mota gado na yi. Mahaifina direban kamfanin kuza ne tun yana saurayi, ya tuƙa manyan motocin kwasar ƙasa, daga baya aka ba shi tuƙin wani manaja. A lokacin da nake ba da labari ya daɗe da ajiye aiki, yanar ido ta rufe masa gani gaba ɗaya, yana zaune a zauren gidanmu daga carbi sai rediyo. Mutum ne marar yawan magana. Mahaifiyata kuwa ban san ta ba. Ta rasu ina jariri, lokacin suna zaune a barikin leburori a wajen Naraguta, gwaggonmu ce ta ɗauke mu ta raine mu a cikin gari. Abin da na sani game da ita bai cika tafin hannu ba. An ce doguwa ce, mai sanyin murya, kuma wai ni na ɗebo goshinta. Baba bai taɓa ɗauko zancenta ba, mu kuma kunya da nauyi ba su bari mun tambaya ba. Ko inda aka binne ta ban sani ba. Yayana yana ƙarami ƙwarai lokacin, gwaggo kuma mace ce, ba ta raka gawa ba.

Malamin makarantar nan ne ya ba ni labarin wata baƙar mota mai dogon hanci da ke yashe a bayan wani tsohon gidan kamfani. Na je na gan ta, tayoyi sun nutse a ƙasa, gilashi ya fashe, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi. Na daidaita da mutumin da gidan ya koma hannunsa, muka jawo ta da igiya zuwa fili. Da na koma gida na ba Baba labari, sai ya tambaye ni yadda hancinta yake da inda birkin hannu yake. Sai ya ce in kai shi. Washegari na riƙo hannunsa muka je. Ya shafa ta tun daga fitila har ƙofa, ya buɗe ta dama da kansa, ya zauna, ya ɗora hannu a sitiyari. Akwai wata tsohuwar fata da aka naɗa a gefen sitiyarin, wadda na riga na yi niyyar yankewa don ta bushe ta yi baƙi. Yatsunsa suna kaiwa kanta suka tsaya. Ya ce shi ya sa wani baduku ya ɗinka ta a wurin, domin sitiyarin ya tsage yana cizonsa a tafin hannu. Ashe motar manajansa ce, wadda ya tuƙa shekara da shekaru. Duk 'yan filin suka ajiye sufana suka kewaye shi, ba wanda ya yi tsiya ranar.

Daga nan Baba ya zama ɗan ƙungiya. Duk ranar aiki sai ya sa babbar rigarsa ya jira ni a zaure, mu je ya hakimce a mazaunin direba alhali motar ko taya babu, ni kuma ina ƙarƙashinta ina fama da noti. 'Yan filin suna ce masa Oga Direba, shi kuma yana jin ƙarar injin wani daga nesa zai ce fulogi ɗaya ba ya ci. Abin mamaki, wannan kujera ta buɗe masa baki. A kanta na fara jin sunan mahaifiyata daga bakinsa. Ya ce an binne ta ne a wata 'yar maƙabartar leburori kusa da bariki, kuma barikin ya tashi tuntuni, an kwashe kwanon rufi, wurin ya koma gonaki da ramukan kuza. Amma duk lokacin da ya sauke manaja a wurin haƙa, sai ya juyo da wannan mota shi kaɗai, ya tsaya a wani wuri a bakin hanya, ya taka da ƙafa ya je ya yi mata addu'a. Ya ce yanzu ba wanda ya rage da ya san wurin sai shi, kuma yana son ya kai mu ni da yayana ya nuna mana kafin ta Allah ta kasance. Ya ce shi ba ya buƙatar ido, hanyar tana ƙafarsa da hannunsa, ya san inda ake sauya giya da inda mota ke tsalle a kan kwalbati. In an tsaya a wurin mu faɗa masa duwatsun da muke gani, shi zai ce mana ga inda za mu nufa.

Da yayana ya ji, bai tsaya wata-wata ba, ya ce gobe in Allah ya kai mu sai mu shiga tasinsa mu je, ai Naraguta ba nisa. A nan na fara ɓata abin. Na miƙe tsaye na ce sam, Baba ba zai koma wannan hanya a motar haya ba, a motarsa zai koma, wadda ya saba zuwa da ita, kuma ni zan tuƙa shi. Na kawo hujja cewa a cikinta ne zai fi gane hanya, tunda giyarta da tsallenta ya sani. Akwai gaskiya a ciki, amma Allah ya sani ba ita ce ta tsayar da ni ba. So nake a ce auta ne ya yi. Ina hango ranar fitata, Baba a gaba cikin farar riga, 'yan ƙungiya a baya suna ham, mutanen Laranto suna leƙowa daga shaguna. Yayana ya ce mini bai kamata a ja wa tsoho rai ba, ni kuma na ce masa shi dai ɗaukar fasinja ya sani, ya bar mana abin da ya shafi mota. Maganar ta yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Muka juya ga Baba don ya raba gardama. Ina jin ya lura da yadda na ƙwallafa rai, kuma shi ma yana marmarin motar. Sai ya ce to, a bari auta ya gama.

Na duƙufa. Rani ya ƙare ina wankin kafireto, ina bin 'yan gwangwan neman kayan da aka daina kawowa, abin da ba a samu ba a ƙera mini. Matata ta yi ta ƙorafin kullum ina dawowa da baƙin mai a farce, masu ɗinki suka fara kai yadinsu gaba. Ana gab da faɗuwar ruwan farko injin ya tashi. Ba zan manta ba, Baba yana kan kujera, na murza ƙarfen tayarwa ta gaba, ta yi tari ta yi shiru, na sake murzawa sai ta kama. Ya taka totur a hankali yana saurare, hawaye suna bin gemunsa. Da aka kashe, ya kira ni kusa ya tambaya ko birki yana ci, na ce yana ci. Ya ce tayoyi fa, na ce an saka. Ya ce to ai an gama ke nan, mu sa rana cikin makon nan. Na dubi motar, ja jawur da fentin ƙasa, ga dabbaren foti a ƙofofi, na dubi abokaina suna murmushi. Na ce masa saura kaɗan, fenti kawai.

Sai dai fenti a Jos yana da lokacinsa. Mai fentin, wani ɗan asalin tsaunukan nan ne mai tsoron Allah, ya gaya mini da irin Hausarsa cewa shi ba zai fesa baƙin fenti cikin damina ba, ko me zan ba shi. Ya ce danshi da sanyin garin nan suna shiga fenti tun bai bushe ba, sai ya fito toka-toka kamar an goga masa alli, ga garejinsa ba bango, ga ƙanƙara da kan sauko ba sallama. In ina son baƙi mai ɗaukar ido, in jira ruwa ya ɗauke. Amma shi da kansa ya ja ni gefe, yana ce mini oga kamar yadda yake ce wa kowa, ya ce jan nan ma ai fenti ne, ruwa ba zai yi masa komai ba, in ɗauki tsoho in kai shi inda yake so, in an dawo a rufe ta da tamfol. Ya ce duk wanda ya kira ni mai kwandon tumatir, shi zai ji da shi. Na yi dariya na ce ban sha wannan wahala duka don in fita rabi da rabi ba. Na ce damina kwana nawa ce, yanzu za ta wuce.

Damina kuwa ta zauna. Baba ya ci gaba da zuwa, har ranakun da ake yayyafi, yana lulluɓe da bargo. Yakan tambaya ba tare da matsawa ba, ni kullum da amsata, shi ma kullum da tasa, ya ce to. Wata rana ina goge ƙofar baya da samfefa, sai na ji ya fara kwatanta mini hanyar, yana cewa in an wuce kwalbati na biyu akwai gangara, in an tsaya a ƙasanta za a hango wani dutse. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Ƙarar gugar tana kunnena, hankalina yana kan wani ɗan lotsawa da ya ƙi cikowa, na ce Baba ya bar wahalar da kansa, ai tare za mu je. Can ya ce, cikin wasa-wasa, wai auta, wa ake yi wa wannan fenti ne, shi dai ja da baƙi duk ɗaya ne a wurinsa, tunda ko hasken rana ya rabu da gani. 'Yan filin suka yi dariya, ni ma na yi. Wallahi na ɗauka barkwanci ne. Sai daga baya na gane cewa ranar ce Baba ya roƙe ni, irin roƙon da uba mai kunya zai iya yi wa ɗansa a gaban mutane.

Ana tsakiyar marka abin ya faru. Ya fito alwalar azahar ya zube a bakin zaure, aka kwashe shi zuwa asibiti a tasin yayana. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi makonni a kwance, aka sallamo shi hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa a baki, ita ce to. In an ce zai sha kunu, ya ce to. In an ce ba zai sha ba, ya ce to. Likitan ya ce ba wanda zai iya tabbatar da iyakar abin da yake fahimta cikin abin da ake gaya masa. Yayana bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma sai dai in na shigo ɗakin ya tashi ya fita. Na zauna a gaban Baba ina tambayarsa dutsen nan da ya fara gaya mini, wane iri ne, ta ina yake, shi kuma yana juyo da fuskarsa wajen muryata yana ba ni amsar da ta rage masa.

Da ya ɗan samu ƙarfin zama, na je fili wata safiya na yaye tamfol na tayar da motar, ja jawur yadda take, na bi ta tsakiyar gari da ita har ƙofar gida. Ba wanda ya yi mini tsiya, ko an yi ma ban ji ba. Ni da yayana muka ɗauko Baba muka zaunar da shi a gaba ta hagu, muka tokare shi da matasai, yayana ya zauna a baya yana riƙe da kafaɗunsa. Muka ɗauki hanyar Bauchi, sannan muka sauka kan tsohuwar hanyar burji ta kamfani. Muna barin kwalta na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A irin wannan mota direba da hannun hagu yake sauya giya, da ƙafar hagu yake taka kuloci, su ne kuma suka rage wa Baba. Sai ga ƙafarsa tana danna ƙasan mota, hannunsa yana tafiya a iska kusa da ƙofa, ya tura gaba, ya jawo baya. Tuƙi yake yi. Kafin in ga hawa ya riga ya sauko da giya, kafin in hango kwana ya riga ya shirya mata. Na koma bin hannunsa, duk abin da ya yi in yi, yayana kuma yana kuka a hankali a bayansa. Muka tsallake kwalbati, muka tsallake na biyu, muka gangara. A ƙasan gangarar ya danna ƙafarsa har ƙasa ya bar ta a nan, ya ja hannunsa sama kamar mai jan birkin hannu. Na tsaya na kashe inji.

Muka fito muka duba. A dama gonar acca ce da shingen ƙerana, bayanta tarin duwatsu. A hagu wani kududdufin kuza ne cike da ruwan damina, bayansa itatuwan turare da wasu duwatsun. Duk inda ka juya dutse ne, Jos ke nan. Na durƙusa a bakin ƙofarsa na gaya masa duk abin da nake gani, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ce mu yi. Na tambaye shi ko dama za mu bi, ya ce to. Yayana ya tambaye shi ko hagu ne, ya ce to. Muka ce ya nuna da hannu, ya ɗaga hannun ya riƙe shi a sama, sannan ya sauke shi a cinyarsa. Muka ɗauko shi muka tsayar da shi a tsakaninmu ko ƙafarsa za ta tuna hanya kamar yadda ta tuna kuloci, amma ɗayar ta ƙi ɗaukarsa. Bakinsa yana ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kokawa da maganar da ta ƙi fitowa, hawaye suna zuba daga idanun da ba sa gani. Ya sani. Na rantse ya sani. Yana tsaye ƙila taku kaɗan daga matarsa, ya kawo mata 'ya'yanta har wurin, amma ba halin ya ce ga ta.

Wata tsohuwa da ke cire ciyawa a gonar ta taso ta gaishe mu. Da muka yi mata bayani ta ajiye fartanya tana ta ce mana sannu. Ta ce tun tana yarinya ta san barikin, kuma ta san mutanen kuza suna binne mamatansu a nan kusa, amma wuri biyu ne, ɗaya ta wajen duwatsun dama, ɗaya ta hagu inda daga baya aka yi haƙa kusa da shi. Ba ta san wanne ne namu ba, kuma ba alamar da ta rage a ko ɗaya. Ta zaga da ni duka biyun, ƙafarta ba takalmi, tana nuna mini ciyawa. Da za mu tafi ta leƙa motar ta yi wa Baba fatan sauƙi, ta kuma ce ita ba ta taɓa ganin jar mota mai kyau irin wannan ba. Muka yi addu'a a bakin hanya muka juyo. A hanyar dawowa hannun Baba bai motsa ba ko kaɗan.

Ruwa ya ɗauke, gari ya washe, mai fenti ya aiko a gaya mini lokaci ya yi. A makon ne Baba ya rasu. 'Yan ƙungiya sun zo gaisuwa dukansu, Musulmi da Kirista, suka zauna tare da mu har aka share makoki. Bayan nan na ajiye motar a gefen zaure, ban sake komawa filin da sufana a hannu ba. Gwangwanayen baƙin fentin da na tanada a rufe suka bushe. Na yi ta komawa Naraguta ina cigiyar tsofaffin leburori, wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu, wanda na samu kuma ya ce ya tuna an yi rasuwar amma wurin ya ɓace masa. Tsakanina da yayana sai da aka ɗauki shekaru kafin zama ya koma daidai. Ranar da ya yafe mini bai yi dogon zance ba, ya ce shi ma da laifinsa, da ya ɗauki Baba a tasi ko ina so ko ba na so. Wannan magana ba ta rage mini komai ba, domin na san wanda ya tare ƙofa.

An sha ce mini ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Ciwon Baba ba ni na kawo shi ba, ajalinsa ba a hannuna yake ba. Amma watannin da ke tsakanin tashin injin da faɗuwarsa, waɗannan a hannuna suke. Jikinsa ƙalau, bakinsa garau, mota tana tafiya, ga mai a tanki. Abin da ya hana mu zuwa shi ne kada abokaina su yi mini dariyar yini ɗaya. Na yi ta gaya wa kaina don Baba nake yi, alhali mutumin da nake ƙawata wa mota ba ya gani. Ban ce son tsohuwar mota laifi ne ba. Har gobe in na ji ƙarar injin da aka tayar bayan ya daɗe a mace sai raina ya yi fari, kuma wannan mota ce ta buɗe bakin mahaifina har na ji labarin uwata. Laifin nawa ne, na shagala da aikin har na manta wanda nake yi dominsa.

Don haka ina jan kunnen matasa, musamman masu irin halina, masu gyaran mota ko ginin gida ko duk wani abin da ake cewa sai an gama za a kai tsoho. Idan akwai dattijo yana jira, ku kai shi yadda abin yake, ko ba fenti, ko ba ƙofa. Idan ya fara ba ku labari, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara har ƙarshe. Iyayenmu ba su iya naci ba, sukan faɗa ne cikin wasa, in an ƙi su ce to su yi shiru. Motar tana nan har yau a gidana, ja yadda take, fatar sitiyarin ma ban cire ba. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke nakan je ƙasan gangarar nan in tsaya inda Baba ya ja birki. In yi wa mahaifiyata addu'a ina fuskantar duwatsun dama, sannan in tsallaka hanya in sake yi mata a hagu, don har yau ban san a wane ɓangare take ba.